Malamin ban dariya ko tarin tambayoyi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ƙannena na tsangayar likitanci a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun dame ni da tambaya ɗaya: in mutum zai shirya jarrabawar USMLE, wato ta samun lasisin aikin likita a Amurka, daga nan Maradi, me zai saya?

Ni na fara ne da wani malami a YouTube wanda in yana bayanin ƙoda sai ka rantse wasan kwaikwayo yake. Ya ɗaura tawul a kai ya zama fitsari mai neman hanyar fita, ni kuwa ina kan tabarma a tsakar gida, wuta ta ɗauke, waya jingine da butar shayi, ina ta ƙyaƙyata dariya. Wata uku a haka. Ranar da na gwada tambayoyi 40 da agogo a gabana, sai na ga barkwancin duk yana kaina, amsoshin kuwa sun bi iska. Laifina ne, kallo nake yi ba karatu ba.

Ba wai irin wannan malami ba shi da rana ba. Dr. Najeeb, mai zane a kan allo yana tsokanar ɗalibai, yana da kyau ga wanda tushensa ya yi rauni, musamman mu da muka yi karatu da Faransanci, don yana maimaita magana har Turancin ya zauna maka. Sai dai darasi ɗaya kan ci sa'o'i, ga kuɗin intanet. In za ka bi shi, sauke bidiyon inda ka samu wifi.

Pathoma na Dr. Husain Sattar ya sha bamban: bidiyo ne na kusan awa 35 a kan ilimin cututtuka, ba wasa ba zagaye-zagaye, da littafin da kake bi kana rubutu a gefe. Wannan na fi so. Boards and Beyond na Dr. Jason Ryan ya fi shi faɗi, gajerun darussa a kan kusan kowane fanni. Sketchy hotuna ne da labarai don haddace ƙwayoyin cuta da magunguna. Wasu sun rantse da shi, ni dai bai kama ni ba.

Amma matakin farko na USMLE, Step 1, tambayoyi ne har 280 cikin awa 8, kuma tun 2022 ba a ba da maki, ci ne ko faɗuwa. Don haka in aljihunka abu ɗaya kawai zai ɗauka, sayi UWorld, tarin tambayoyin gwaji a intanet, inda kowace tambaya ke zuwa da bayanin dalilin da ya sa sauran amsoshi suka zama kuskure. Kuɗin na wa'adi ne, kada ka biya lokacin da kake fama da kwanan asibiti, kwanakin su ƙare ba ka taɓa shi ba. Anki, manhajar katunan hadda, kyauta ne a Android. Biyan kuɗin UWorld kuma sai da katin banki irin Visa, ka tanade shi tun da wuri.

Wanda Faransa ya nufa, jarrabawarsa EVC ce, wato ta tantance ilimin likitocin da suka yi karatu a wajen Tarayyar Turai, da Faransanci ake yin ta, littattafansu zai nema.