Icom IC-7300 ko Xiegu G90: wanne ya dace da tashar farko a gida?

Malam, ka ce lasisinka na rediyon sha'awa, wanda ake hira da mutanen nesa ta iska, ya fito, kana zaune a gidan haya mai ɗan tsakar gida, wutarka kuma sola ce da batir ɗaya. Kuɗin hannunka zai sayi rediyon Icom IC-7300 amma ba zai bar ko kwabo ba, in kuma ka ɗauki Xiegu G90 za ka ga canji mai kauri. Kana tambayar wanne za ka saya. Ina taya ka murna tukuna, Allah Ya sa albarka. Na yi aiki da su duka biyun, don haka zan jera maka su gefe da gefe.

Abin da ke fara jan ido shi ne ƙarfi. Icom tana fitar da wat 100, G90 kuma wat 20. Mutum yana jin haka sai ya ɗauka mai ɗari zai kai muryarsa nisa ninki biyar. Ba haka lissafin yake ba. Ninki biyar a ƙarfi desibel 7 ne, kuma a ma'aunin S da ke fuskar rediyo, mai nuna ƙarfin siginar da ake ji, kowane mataki desibel 6 ne. Wato in wanda ke Italiya yana jin ka a S7 da Icom, zai ji ka kusan S6 da G90. Ranar da hanya ta buɗe ba zai ma lura ba. Ranar da sigina ke ninkaya cikin hayaniya, matakin nan ɗaya shi ne tsakanin a ji ka da a ce ka maimaita, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai kana da wata garaɓasa da ba kowa ke da ita ba: alamar kiranka, wato sunan tasharka a iska, da 5N take farawa, kamar yadda ta 'yan'uwanmu na Nijar ke farawa da 5U. Tashoshin wannan yanki ba su da yawa a iska, saboda haka da ka yi kira a zangon mita 20 ko 15, wato sassan iskar rediyo da aka ware wa masu irin lasisinka, Turawa da 'yan Japan su za su juyo da manyan eriyoyinsu su kasa kunne. Rabin wahalar su ke ɗaukar maka.

A wajen wuta ne na fi son ka tsaya ka yi tunani. Duka biyun bolt 13.8 suke so. Icom tana shan kusan amp 1 tana sauraro kawai, in kuma ka danna makirfo da cikakken ƙarfi tana iya jan har amp 21. G90 sauraronta bai kai amp ɗaya ba, maganarta kuma ba ta wuce amp 8. Batirin ruwa irin na mota da ya ɗan kwana biyu, da ka ja masa amp 20 sai bolt ɗinsa ya zube, Icom kuwa in aka sauka ƙasa da wajen bolt 11.7 an fita daga iyakar da aka ƙera ta a kai, murya ta fara shaƙewa, wani lokaci ta mutu ta sake tashi. Za ka ce ai sai ka rage ta zuwa wat 20. Ana yi, amma cin wutarta ba ya raguwa daidai da yadda ka rage ƙarfin, kuma ka biya kuɗin wat ɗari kana cin moriyar ashirin. G90 da ƙaramin batirin litiyam irin LiFePO4, wanda ke riƙe wajen bolt 13 har ya kusa ƙarewa, za ta kai ka daga magariba har dare ya raba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a kwalin ko wacce ba. Lokacin da na fara haɗa tashata, na yi makonni ina jin "shuuu" a zangon mita 40, allurar S tana tsaye a 8 ba dare ba rana. Na zargi eriya, na zargi kebul. Wani dare na kashe inbata na jona rediyon kai tsaye da batir, nan take allurar ta faɗo 3, sai ga muryoyi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar an buɗe taga. Ashe inbata da cajar sola da fitilun LED masu araha ne suka toshe mini kunne. Wannan cuta ba ruwanta da tsadar na'ura. Amfanin mai ƙaramin ci shi ne za ka iya ware mata batirinta, ka kashe komai na gidan, ka saurara cikin natsuwa.

Inda Icom ta yi fintinkau kuwa ba a musu. Tun fitowarta a 2016 ta zama abin kwatance. Allonta inci 4.3 ne, ana taɓa shi da yatsa, kana kallon siginoni suna zubowa ka dangwala wanda kake so. Na G90 bai kai inci biyu ba, maɓallanta ƙanana ne a cushe, in idonka ya fara neman tabarau za ka ji a jikinka. Tacewar Icom ta fi kyau in tashoshi sun cunkushe, muryarta ta fi daɗin saurare na tsawon lokaci, tana kuma da zangon mita 6 wanda G90 ba ta da shi. In kana sha'awar FT8, tsarin nan da Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017 wanda kwamfuta ke musayar saƙo kowane daƙiƙa 15, Icom kebul ɗin USB ɗaya ya wadatar, G90 kuwa sai ka sayi ƙaramin akwatin haɗi daban. Sannan Icom tana da fanka a ciki. G90 jikinta ne ke fitar da zafi, kuma a bazarar nan tamu da ake haura digiri 40, in za ka daɗe kana FT8 sai ka rage ƙarfi ka ajiye mata 'yar fanka a gefe.

Madaidaicin eriya da ke cikinsu, wato abin da ke daidaita eriya da rediyo, shi ma ba ɗaya ba ne, a nan kuma ƙaramar ce ta yi gaba. Na Icom yana gyara ne in SWR, ma'aunin rashin dacewar eriya da rediyo, bai wuce wajen 3 ba, wato yana son eriyar da aka yanka daidai. Na G90 kusan duk wayar da ka rataya zai lallaɓa ta ta yi aiki, kuma tana iya zana maka inda eriyarka ta fi dacewa a zango. Ga mai gidan haya da ba shi da ikon kafa abin da yake so, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Eriyar kuwa ita ce tashar. Ka raba 143 da adadin megahaz na inda za ka yi magana, zai ba ka tsawon wayar eriyar a mita. A megahaz 14.2, wato zangon mita 20, ka samu kusan mita 10, biyar kowane ɓangare, kebul a tsakiya. A 7.1, wato zangon mita 40, waya kusan mita 20, kuma wannan za ta yi maka aiki a zangon mita 15 ma. In fili ya yi kaɗan, ka kafa doguwar gora ko fayif ɗaya, ka ɗaga tsakiyar wayar, ka sauko da bakunanta biyu kamar rufin bukka. Duk mitar da ka ƙara a tsayi riba ce. Ka nisanta ta da wayoyin lantarki na unguwa, don Allah, wannan maganar rai ce. Ka sayi kebul mai kyau na ohm 50, RG-213 in tafiyar da nisa. Ka kafa turken tagulla a ƙasa. Da damina, hadari na haɗuwa ka zare kebul daga rediyo ka fitar da bakinsa waje. Da hunturu ma kada ka sake, ƙurar da iska ke gogawa a waya tana tara caji, na sha jin "ƙas, ƙas" a bakin kebul da rana tsaka babu ko gajimare.

To ga hukuncina a halin da ka bayyana. Ka ɗauki G90. Farashin Icom ya fi ninki biyu na nata, kuma in ka saye ta za ta zauna a tebur ba batir mai ɗaukarta, ba kebul, ba eriya. Canjin ka zuba shi a batirin litiyam, kebul, turken ƙasa da sandar eriya. In da wutarka tsayayyiya ce, kana da waɗannan kayan a hannu, ko kuma hira da murya da nesa ce kaɗai burinka, da Icom zan ce maka ba tare da na yi jim ba, kuma wataƙila nan da shekara biyu can za ka koma, ka bar ƙaramar ta zama ta tafiya ƙauye.

Kafin ka biya kowa, ka auna tsakar gidan daga katanga zuwa katanga, ka nemi izinin mai gida kan sandar, ka turo mini tsawon in lissafa maka wayar da za ka yanka.