Kakar Pillars ta 2019: abin da kuɗin tikitina ya saya min, daga Ƙofar Mata zuwa Kaduna

Tun ranar da muka dawo daga kallon wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Kaduna abokan zamana a Kantin Kwari suke yi min tambaya ɗaya: duk wannan kuɗin tikiti da kuɗin mota da rufe shago da nake yi saboda Pillars, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Yawancinsu 'yan gidan kallo ne. Sun san sunan kowane ɗan benci a Chelsea da Barcelona, amma rabonsu da shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tun suna 'yan makaranta. To ga amsata a rubuce, amsar wanda ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya zauna a rana, ba wanda aka ba wa labari ba. Ta biya. Sai dai ba wasan ƙarshen ne ya fi daɗin kallo ba, kuma akwai abin da ya faru a watan Yuni da har yau in na tuna nake sunkuyar da kai.

Ba za a gane kakar 2019 ba sai an fara da Asaba. Ranar 24 ga Oktoban 2018, a filin Stephen Keshi, mun jefa wa Rangers ta Enugu ƙwallo uku a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, su ko ɗaya. Rabiu Ali ya fara, Ibrahim Alhassan ya ƙara, Nyima Nwagua ya cike ta ukun bayan an dawo daga hutu. A unguwarmu yara har sun fito da babura suna ta oda. Cikin abin da bai kai minti ashirin na ƙarshe ba Rangers suka farke duka ukun, aka je fenariti suka ɗauke kofin da ci 4 da 2. Na kalla a talabijin, kuma ban taɓa jin majalisa ta yi shiru irin na wannan dare ba. Kowa ya nemi takalminsa ya tafi gida ba sallama. Da wannan miki muka shiga watan Janairu, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi. Duk kakar nan, ko muna gaba da ƙwallo biyu, ba ka jin ɗan Pillars ya saki jiki sai alƙalin wasa ya busa usur na tashi.

Gasar ƙasa kanta ta zo a wani irin tsari. Saboda rikicin shugabanci da ya tsayar da kakar 2018 bayan wasa 24, ba a kori kowa ba, aka kuma ƙaro ƙungiyoyi huɗu, suka zama 24. Aka raba su rukuni biyu, sha biyu sha biyu, uku na sama a kowane rukuni su haɗu a Legas su fitar da zakara. Mu muka faɗa rukunin da ke da Akwa United da IfeanyiUbah da Heartland da El-Kanemi da Plateau United da Nasarawa United. Ga mai sayen tikiti wannan ragi ne, don wasan gida ya dawo 11 kacal, kuma Enyimba da Rangers da Katsina United duk suna ɗaya rukunin, ba su zo Kano a gasar ba. Wanda ya san yadda Ƙofar Mata take cika ranar da Enyimba ko maƙwabtanmu Katsinawa suka zo, ya san an rage mana gishirin miya.

Cikin sha ɗayan na samu tara. Abin da nake samu a can, babu allon da zai ba ni shi komai girmansa. Ka yi la'asar da wuri, ka biyo ayarin masu riga ruwan ɗorawa da kore, ka ji ganga tun kafin ka hango ƙofa. Mutum ɗaya zai ɗaga murya ya ce “Sai Masu Gida!” filin gaba ɗaya ya amsa, ka ji amsar a ƙirjinka. Wannan filin ne muka yi shekara 12 ba wanda ya ci mu a cikinsa a gasar ƙasa, daga 2003 har Nasarawa United ta karya mana shi a 2015, kuma har yanzu baƙo in ya shigo kana ganin nauyin wurin a ƙafarsa minti goman farko. Wasannin watan Mayu sun faɗo cikin azumi, ga zafin bazara, bakin kowa a bushe, amma aka cika. Ana tashi kowa ya ruga neman ruwan buɗa-baki a bakin titi. Na sha ruwa da mutanen da ban san sunansu ba, wani ya miƙo dabino wani ya miƙo ƙosai, ba abin da ya haɗa mu sai riga.

Wahalar ita ce shiga. Mu 'yan kallo ba ma son layi. Wanda ya sayi tikiti da wanda yake neman ya kutsa kyauta duk a ƙofa ɗaya suke turereniya, ga masu yankan aljihu a tsakani. Sau ɗaya na je da ɗana mai shekara tara, da na ga yadda aka matse shi a jikin ƙarfe na ce ba zan sake ba sai ya ƙara girma. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ni mahaifina ne ya fara kai ni kallon ƙwallo a kafaɗarsa, yana ba ni labarin Raccah Rovers da suka ci gasar ƙasa a 1978. Mai niyyar zuwa, ya je da wuri, ya bar babbar waya a gida, ya riƙe canji daidai kuɗin shiga.

Ƙwallon da aka buga fa? A gida muna taka leda mai kyau, a ƙasa, ba dogon bugu ba. Komai ta ƙafar Rabiu Ali yake bi. Mutumin da ya haura shekara 35 amma har yanzu shi ne ke ganin hanya kafin kowa ya gani, in aka samu bugun tazara kusa da gidan gola kuwa kowa miƙewa yake. Ba banza ake ce masa Pele ba. Inda muka yi rauni shi ne gaba. Junior Lokosa da ya ci 19 a kakar 2018 ya tafi Esperance ta Tunisiya, kuma ba a samu wanda ya cike gurbinsa shi kaɗai ba. Nwagua yana da ƙarfi da naci, yana wahalar da 'yan baya, amma sau nawa muka mamaye wasa muka ɓarar da dama uku huɗu, aka ƙare muna duban agogo da ci ɗaya tal? Duk da haka koci Ibrahim Musa, Jugunu, ya kai mu na biyu a rukuni a bayan Akwa United. A ganina ba a yaba masa yadda ya kamata. Ɗaukar 'yan wasan da aka yi wa abin Asaba ka sake tsayar da su da ƙafarsu cikin wata uku ba ƙaramin aiki ba ne.

Legas ban je ba. An fara ranar 4 ga Yuni, ranar ƙaramar Salla, a filin Agege, wasa biyar cikin kwana tara. Ta rediyo da waya na bi, ina yawon Salla kunne na a maƙale. A nan ne Pillars ta buga ƙwallon da ta fi kowace kyau a kakar nan. Ba wanda ya ci mu. Enyimba da ta zama zakara, mu kaɗai muka doke ta, 2 da nema. Sai ranar 10 ga wata muka sake haɗuwa da Rangers, su dai na Asaba. Muna gaba da ɗaya, daf da tashi suka farke. Ana tashi kyaftin ɗinmu Rabiu Ali ya nufi alƙalin wasa cikin fushi, magoya baya suka ɓalle suka cika fili, ana jifa, alƙali yana gudun ceton rai. Bidiyon ya zagaye ƙasar nan.

Na ji duk hujjojin da ake kawowa a majalisa, cewa an cuce mu, cewa an daɗe ana yi mana. Ko da gaskiya ne, ban yarda ba. Ina son Rabiu Ali kamar ɗan'uwana, ya ba wa Kano ƙuruciyarsa duka, amma kyaftin shi ne yake kwantar da wuta. An dakatar da shi wasa 12, an ci ƙungiya tarar naira miliyan 8, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne sunan da aka ƙara liƙa mana. Abokin cinikina na Onica ya kira ni washegari, bai ce komai a kan ƙwallo ba, tambayata kawai ya yi ko lafiya mutanena suke. Na rasa amsar ba shi. Ranar 12 ga wata Enyimba ta ci Akwa United 3 da nema ta ɗauki kofinta na takwas da maki 12, mu muna da 11. Wanda ya jagorance su ma ɗan Kano ne, Usman Abdallah. Da mun riƙe wasan Rangers na 'yan mintocin nan, da maki 13 gare mu, da kofi na biyar ya zo ya tarar da na 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Maki ɗaya. Mun samu tikitin gasar zakarun Afirka, amma a ranar ba wanda ya yi murnarsa.

Shi ya sa da aka ce mun kai wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubalen nan da muka rasa a Asaba, kuma a Kaduna za a yi, ban yi shawara da kowa ba. Lahadi 28 ga Yuli, bayan asuba muka ɗau hanya mu bakwai a mota ɗaya. Kura, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, ga aikin titi ana ta karkatar da motoci hannu ɗaya, ga damina ta sa ko'ina kore shar. Duk motar da muka wuce ko ta wuce mu, sai ka ga tuta ta leƙo ta taga. Kafin azahar kewayen filin Ahmadu Bello ya koma kamar Ƙofar Mata. Mutanen Minna ma, garin Niger Tornadoes da za mu kara da ita, sun zo da gangunansu, kuma ban ga wanda ya tsokane su ba a inda nake. Bayan abin Agege, wannan kaɗai ya sanyaya min rai.

Niger Tornadoes ta faɗi daga babbar gasa a kakar nan, don haka da yawa cikinmu sun taho da tunanin an gama. Ni ban taho da shi ba. Ƙungiyar da ta ci kofin nan a 2000, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2017 Akwa United ta ƙwace a fenariti, ta san hanyar. Ga shi ba su da abin asara, tunda mun riga mun samu gasar zakaru, gurbin ɗaya gasar Afirkan nasu ne ko sun ci ko ba su ci ba. Mu ne nauyi yake kanmu.

Gaskiya wasan bai yi daɗi ba. In da baƙo zan kai kallon ƙwallon gida karo na farko, ba wannan zan zaɓa masa ba. Tsoro ya yi yawa a ƙafafun 'yan wasanmu, ba wanda yake son a ce ta wurinsa aka ɓata. Tornadoes suka tsare gidansu da kyau, mu muka kasa samun ƙofa, aka tashi ba ci. Da na ga ana shirin fenariti, jikina ya mutu. Asaba ce ta dawo min gaba ɗaya.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai farin gemu da carbi a hannu, ya ce daga Fagge ya taho. Ya dube ni ya ce, “Yaro, zauna. Tsayuwarka ba za ta ƙara musu komai ba.”

Na ce, “Baba, ba zan iya kallo ba.”

Ya ce, “To kar ka kalla. Ni na ga na 1991 da El-Kanemi ta ci mu, na ga na bara. Bari in gane maka wannan.”

Haka aka yi. Na sa kai tsakanin gwiwoyi, ina jin kowane bugu ta ihun mutane da matsar da yake yi wa kafaɗata. Da aka buga na ƙarshe ban ji usur ba, ji na yi kawai an ɗaga ni sama. 4 da 3. Na waiga na ga dattijon nan yana zaune bai motsa ba, hawaye yana bin gemunsa, yana ta maimaita alhamdulillahi. Tun da aka kafa Pillars a 1990 ba ta taɓa ɗaukar wannan kofi ba, kuma rabon da a kawo shi Kano tun 1953, lokacin ana ce masa kofin Gwamna. Shekara 66. Mahaifina ya rasu bai gani ba. Na riƙe hannun Baba na ce ya yi mana addu'a, ya yi, muka shafa, cunkoso ya raba mu ban ko tambayi sunansa ba.

Sai tsakar dare muka shigo Kano, muka tarar Na'ibawa a cike da mutane ana jiran motocin da ke dawowa. Ɗana bai yi barci ba. Yana jin ƙarar ƙofa ya taso ya ce, “Abba, da gaske kun taho da shi?” Na ce da gaske. Ya ce to yaushe zan sake kai shi fili. Na tuna cewa a watan Agustan 2019 Asante Kotoko ta Kumasi za ta zo Ƙofar Mata a gasar zakarun Afirka, kuma in ba a nemo mai jefa ƙwallo a raga ba kafin nan, za mu sha wuya, don Kotoko ba za ta bar mu mu ɓarar da dama huɗu ta ƙyale mu ba. Na ce masa in Allah Ya kai mu za mu tafi tun azahar, kafin ƙofa ta cika, mu samu wuri a ƙarƙashin rumfa.