Roba mai kunne huɗu da danshin Jidda

Duk wadda ta zauna a Jidda ta san danshin garin nan ba ya barin kayan miya su zauna lafiya. Iskar Bahar Maliya ce ke kwaso shi, kuma da an shiga Agusta da Satumba sai ki ga gishiri ya jiƙe a kwano, garin kuka ya dunƙule, ƙuli-ƙulin da aka kawo miki tsaraba daga Kano ya saki ya daina ƙaras-ƙaras. Mu kuwa kayan gida ba kullum muke samu ba, sai an jira mai zuwa Umara ko a saya da tsada. Dalilin da ya sa ke nan na sayi saitin robobin nan masu kunnuwa huɗu da zoben silikon a cikin murfi. Sun ga lokacin zafi a kicin ɗina, sun ga na sanyi, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ba a kan kowane irin abinci ba.

Nawa ba na wani sanannen kamfani ba ne, kwaikwayo ne irin wanda ya cika shagunan kayan kicin. Salon kansa kamfanin Lock & Lock na Koriya ta Kudu ne ya fito da shi a 1998. Kafin nan abin da aka fi sani shi ne murfin Tupperware, wanda Earl Tupper ya fitar a Amurka a 1946, ya ɗauko dabarar daga murfin gwangwanin fenti: a danna tsakiya, a ɗan ɗaga gefe iska ta fita, murfin ya kama. Robobin arha na shagunan riyal biyu-biyu, biyar-biyar wannan tsohon salon suke ƙoƙarin bi, roba ta riƙe roba, babu komai a tsakani. Ranar da ruwan zafi ya ɗan lanƙwasa murfin, an gama, sai dai a riƙa zuba maɓallai da allurai a ciki.

Mai kunne huɗu ba ya dogara da sa'ar haɗuwar baki da baki. A cikin murfin akwai kwarmi da ya zagaye shi, a kwarmin zoben silikon yake kwance. Idan kika rufe kunnuwan, sai su janyo murfin ƙasa ta kowane ɓangare, bakin robar ya nutse cikin zoben, shi kuma da yake mai taushi ne ya cike duk wata 'yar kafa. Zoben nawa ma bututu ne, cikinsa fanko, don haka yana lotsawa sosai ya kuma dawo yadda yake. Na zuba ruwa a ƙaramar, na rufe, na kife ta a kan jarida na jijjiga, ko ɗigo bai fita ba. Yaji da garin kuka da busasshiyar kuɓewa sun wuce damshin Satumba suna warwas, kiyashi kuma ya haƙura da sukari. Gwaggona da ke Makka ta zo ta gani, ta ce, "Ke 'yar nan, ni gwangwanin madara ma ya ishe ni." Na ce, "Gwaggo, ai ku iskarku ta fi tamu bushewa." Tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota tsakaninmu, amma kicin ɗinta da nawa ba matsala ɗaya suke fama da ita ba.

Inda na fara ganin gazawa shi ne babbar, mai tsawon nan da na zuba wa garin ɗanwake. Kunne ɗaya tal ne a kowane gefe, alhali gefen tsawon ya ninka na faɗin. Kusurwoyin ba su samun matsi kamar tsakiya, kuma da na yi mata gwajin ruwa ta kusurwa ta zubar. Mai da'ira da ƙanana masu kusurwa huɗu daidai sun fi ta riƙewa nesa ba kusa ba. Da masu ƙerawa sun ƙara kunne a gefen tsawon, ko sun ƙara wa murfin kauri, da an huta.

Sai batun daddawa. Murfin yana tsare warinta, ba ta gauraye kabad ba, wannan kam na yaba. To amma silikon yana shan wari, ita ma robar haka. Na wanke, na jiƙa, na shanya, har yau zoben nan daddawa yake yi, ba ki isa ki zuba masa dabino ko garin gahawa ba. Manja da miyar tumatir su ma sun bar jan tabo da ya ƙi fita. Yanzu daddawa da man shanu kwalbar gilashi na ware musu, tunda gilashi ba ya riƙe wari ko launi.

Abin da ya kamata kowace mai irin robar nan ta sani, ruwan wanki yana maƙalewa a ƙarƙashin zoben. Daga waje fes za ki ga murfin. Sa bayan cokali ki ɗago zoben, sai ki tarar da baƙin layin fumfuna a cikin kwarmin, wani wajen har da gutsuren gari da ya daskare. Tsohon buroshin haƙori nake sawa in goge kwarmin, in bar zobe da murfi su bushe kowa daban kafin in mayar. Akwai waɗanda ake manne zoben da murfin gaba ɗaya, ba su da kwarmin da ruwa zai kwanta, sai dai idan zoben ya tsage murfin duka ya tashi aiki. Ni na fi son mai cirewa.

Jikin robar lamba 5 ce a cikin ɗan alwatikan da ke ƙasanta, wato folifurofilin, mai jure zafi da yawan lanƙwasawa, shi ya sa kunnuwan ke buɗewa su rufe ba su karye ba. Amma sanyin firiza yana sa ta tauri. Idan aka fito da ita aka fizge kunnen nan take, farin layi yake fitowa a gaɓar, daga nan sai tsagewa. A bar ta ta ɗan huce sanyin tukuna. Haka idan aka rufe abinci da zafinsa, yana hucewa murfin zai tsotse ya lotsa ciki, ga gumi ya taru yana ɗiga a kan abincin.

Wasu na cewa tunda iska ba ta shiga, ƙwarin wake za su mutu a ciki. Na san inda maganar ta samo asali, buhun PICS mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa ga manoman wake na Afirka ta Yamma a 2007. Shi ana cika shi ne a ɗaure a bar shi watanni, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Robar kicin kuwa kullum ana buɗe ta, kullum sabuwar iska na shiga. Tana hana na waje shiga, amma ƙwan da ya zo a jikin waken tun daga kasuwa zai ƙyanƙyashe abinsa. Ni firiza nake fara sa wake da shinkafa kamar mako guda, in bar su su huce su bushe, sannan in juye.

Idan za ki saya, ki roƙi mai shago ya bar ki ki buɗe ɗaya. Ki ja zoben ki ga ko yana fita, ki rufe kunnuwan ki ji ko sai kin ɗan sa ƙarfi, don wanda ya rufe salin-alin ba ya matse komai. Ki ɗauki ƙanana da matsakaita ki bar doguwar. Na zagaya shagunan unguwarmu neman zoben shi kaɗai ban samu mai sayarwa ba, don haka idan roba ta fashe kada ki yar da murfinta, zobensa zai yi wa 'yar uwarta.