Gargaɗi: mai tallan tukwanen adon nan ɗan damfara ne, ya ci min naira dubu 186

Jama'a, kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ta hana ni sakawa. Jiya da dare sai ga tallan ya sake gilmawa a Facebook, hotunan nan dai, tukwanen nan dai, sunan shafin kawai ya canza. Na ce wallahi yau sai na faɗa, duk mai dariya ya yi. Naira dubu 186 yaron nan ya ci min. Dubu 186, a kan tukwane shida da ko gutsurensu ban gani ba.

Kafin wani ya zo ya ce min "Hajiya ai ke ma da sakaci", ku sani shekarata 19 ina kasuwanci a Kantin Kwari. Atamfar jabu ina taɓa bakinta nake gane ta. An sha turo min alat na ƙarya, ban taɓa sakin kaya ba sai na ga kuɗi sun zauna. Ni ba baƙuwar ciniki ba ce.

Bikin 'yata ne ya matso, kuma a gida za a yi walima. Mun gyara farfajiya, an shimfiɗa intalok, an yi fenti, sai wurin ya yi fayau ba ko ganye. Ina son manyan tukwane na shuka fulawa, biyu a bakin get, biyu a ƙofar falo, sauran wajen rumfar mota. Na siminti ba na so, na taɓa sayen su a bakin titi, rana ta cinye fentin, hunturu ɗaya suka yi ɗaya ta tsage. Na ƙasa nake so, gasassu, masu zanen nan irin na Gwari, ƙadangare da kifi da kada a jiki.

To shi ne na ga tallan. Na yi masa magana, ya ce mu koma WhatsApp. Ya ce shi a Ushafa yake, mahaifiyarsa ce ke gina tukwanen shi yana sayarwa. Ushafa kuwa na san ta, can wajen Bwari a Abuja, garin da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, kowa ya san ana tukwane a can. Ina jin sunan hankalina ya kwanta. Sai ya ce, "Mama, ki ɗauko naira 20 ki juya bayanta." Na buɗe jaka na ɗauko kuwa, ni da girmana. Ya ce ai Ladi Kwali ce a jiki tana aikin tukunya, irin zanenta suke yi. Gaskiya ne, ita ce a jikin naira 20. Abin da ya fi ci min rai ke nan, kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne, tukwanen ne kawai ba nasa ba.

Ni na ce ya kira ni ta bidiyo. Ni na nema, ba shi ya kawo shawarar ba, ku lura da wannan. Ya kira. Ga shi tsaye a tsakiyar tukwane, wasu sun kai masa ƙugu. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa ɗaya, ta ba da ƙara tas, ya ce, "Kin ji, Mama? Wadda ba ta gasu ba ko mai tsaga ba ta wannan amon." Haka kakata ke gwada randa kafin ta saya. Har yanzu in na rufe ido ƙarar nan nake ji. Ya karkato wata ya nuna min hudar da ke gindinta, ya ce in sa gutsuren kasko a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta, kada ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Ya ce in ɗora kowacce a kan bulo, kada ta zauna kai tsaye a kan intalok. Ya ce ta ƙasa tana tsatsafo kamar randa, shi ya sa saiwa ba ta dahuwa a zafin Kano, amma sai an riƙa ba ta ruwa a kai a kai. Daga baya na tambayi mai kula mana da shuka, ya ce ba inda ya yi kuskure.

Ga inda ya kashe ni. Takwas na ce ina so. Na juya waya na nuna masa farfajiyar, ya duba ya ce, "Mama, kada ki ɓata kuɗinki, shida sun isa, takwas za su cushe miki wuri." Ku faɗa min, wane ɓarawo ne za ka miƙa masa kuɗin takwas ya ce ba ni na shida? Shida sun isa. Na juya maganar nan a raina ya fi sau ɗari. Ina wanke-wanke ina jin ta, ina shago ina jin ta. Ashe da dubu 50 da ya yafe ya sayi amincewata, ya kwashe 186.

Kowacce dubu 25 muka daidaita, shida dubu 150. Alhaji da ya ji labari cewa ya yi araha ba ta ado. Wace araha? Dubu 30 ya fara cewa, sai da muka kwana biyu muna ja. Ba kwaɗayin banza ne ya ja ni ba.

Ranar Talata na tura dubu 75. Ko Laraba ce, domin ranar ce aka kawo ankon ƙawaye. Rabi na bayar, shi ma ni na kafe a kan rabi. Sunan da ya fito a akawun ɗin na mace ne, na gani, na kuma tambaya, kada wani ya ce ban duba ba. Ya ce na ƙanwarsa ne, nasa yana da matsala. A kasuwa kullum muna tura kuɗi ta akawun ɗin yaran shago, ban ɗauke shi komai ba. Au, kafin wannan ma, ranar kiran bidiyon, ana kiran sallah ya ce in yi haƙuri zai je masallaci ya dawo. Ya kuma dawo ya kira. Allah ya isa.

Sai ya turo hoton tukwane an naɗe su da buhu an cusa ciyawa, na cika dubu 75. Sai kuɗin mota dubu 20. Ya zama 170. A nan ya kamata in tsaya. Washegari, a'a, kwana biyu tsakani ne, domin sai da ya ce ruwa ya hana lodi, wani ya kira da wata lamba ya ce shi ne direba, suna Kwanar Ɗangora, taya ta fashe, in ban turo dubu 16 ba sauke kayan zai yi a bakin hanya, in sun fashe ba ruwansa. Na tura. Wannan dubu 16 ɗin ta fi duka ƙona min rai, domin a lokacin jikina ya riga ya ba ni. Amma mutum ya zuba 170, zai bari a yasar da kaya a titi saboda 16? Alhaji bai san da ita ba har yau, in ya karanta nan ya sani. Yanzu da nake sake sauraron saƙon muryar, na rantse direban shi ne, hanci kawai ya toshe.

Na tura ɗana tasha tun la'asar, ya zauna har bayan isha'i yana leƙa duk motar Abuja da ta shigo. Lambar direba a kashe. Ta mai tukwane tana shiga ba a ɗauka, da safe hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, ya yi bulokin ɗina. A banki an ce kuɗin tuni an cire su, in kawo takardar 'yan sanda. Na kai ƙara, na ba da lambobin da rasit huɗu.

Ƙanwata da ke aure a Bwari ta nuna bidiyon da na naɗa, aka gane wurin. Na wata baiwar Allah ne, ba ta da ɗa mai kama da shi. Zuwa ya yi kamar mai saye, ya ce zai nuna wa uwar ɗakinsa kaya ta waya. Wato ni ce uwar ɗakin. Mai wurin ta ce ni ce ta uku da aka zo tambaya.

Kada ku tura ko sisi sai naku ya je ya ɗora hannu a kan kaya. Sunan akawun ya saɓa da na mai kaya, ku gudu.

Dubu 75, dubu 75, dubu 20, dubu 16. Hotunan hirarmu da rasit duk suna nan, in ɗana ya dawo daga makaranta zai rufe min lambata da adireshin gida in saka su a ƙasa, har da fuskarsa ta kiran bidiyon. Saura kwana 12 biki. Mai shukar ya riga ya zana da'ira shida da alli a kan intalok inda za a ajiye su, ya jera bulo, yau da safe ya tambaye ni ko ya share.