Na ɗauki motar haya daga Kaduna zuwa Zariya: sharhina

Bikin ƙanwata ne ya sa na ɗauki Corolla haya a wani kamfani da ke cikin garin Kaduna, ni da kaina zan tuƙa. Motar tsaf take, birki na kamawa, na'urar sanyaya ciki tana aiki. Kafin a miƙa min makulli, yaron da ke kula da motocin ya buɗe but ya nuna min sifiya, jak, sifanar taya, tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Kayan da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya ke nan, kuma duk akwai su. A nan kam sun kyauta.

A hanyar dawowa, bayan la'asar, mun wuce Jaji kaɗan sai tayar baya ta fashe. Na riƙe sitiyari gam, na ɗaga ƙafa daga totur, ban danna birki da ƙarfi ba, har motar ta lallaɓa ta sauka gefe. Na kunna fitilun gargaɗi, na fitar da Hajiya da yara ta ƙofar da ke kallon daji, sannan na kai alamar nesa a baya. Duk wanda ya san yadda tireloli ke zuba gudu a wannan titin ya san ba wurin zama cikin mota ba ne.

Ina kiran kamfanin aka ɗauka. Abin da mutumin ya fara cewa shi ne, "Ranka ya daɗe, kowa lafiya dai?" Wallahi wannan tambayar ta kwantar min da hankali. Ya turo mai faci a babur, aka ɗaura sifiya kafin magariba.

Mai facin ne ya nuna min abin da ya ɓata min rai. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tawa 2018 ta nuna. Hukumar kiyaye haɗurra na cewa taya ta wuce shekara huɗu a sauya ta. Ta yaya za a ba mutum mota ya ɗauki iyalinsa a kan irin wannan tayar? Da na mayar da motar har sun so cire kuɗinta daga kuɗin ajiyata, sai da na nuna hoton lambar suka janye, suka ba ni haƙuri.

Inshorarsu kuma ta wanda ka buge ce kawai, ba ta biyan gyaran motar. Sai ka tambaya za a faɗa maka.

Zan iya komawa wurinsu, saboda yadda suka amsa waya. Amma sai na tsuguna na karanta tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, har da sifiyar. Ku kuma ajiye 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta agajin gaggawa a wayarku, ku bar Zariya da sauran rana.