Tsofaffin furosesa: wanne za a sauke, wanne za a riƙe?

Malam, ka tambaya ko ya dace masu haɗa Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) su ci gaba da ɗawainiya da tsofaffin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tunda Debian 13, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta ƙi shiga wasu kwamfutocin cibiyarka ta Nyanya. Tsofaffin nan iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko masu 32-bit zalla, wato tsohon ƙirar da ta gabaci 64-bit, irin Atom N270 na ƙananan laftof ɗin 2008. Waɗannan kam an sallame su. A cikin nau'o'in Linux, Arch ta bar su a 2017, Fedora a 2019, Debian 13 kuma da ta fito a Agustan 2025 ba ta zo musu da manhajar girkawa ba. Ban ga laifinsu ba. Kowace manhaja sai an gina ta daban domin 32-bit, an gwada, galibi 'yan sa kai ke yi, ga matsalar agogon 32-bit da lissafin lokacinsa zai ƙure ranar 19 ga Janairu, 2038. Abin da ya cancanci riƙewa shi ne kayan 32-bit da tsofaffin manhajoji ke dogaro da su a kan sabuwar na'ura. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta so zubar da kayan nan a 2019, masu Steam (manhajar wasanni) da Wine (mai sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux) suka yi caa, dole ta janye.

Na biyu su ne ke damuna: masu 64-bit da shekaru suka ja. An kasa furosesa masu 64-bit mataki-mataki, kuma Red Hat Enterprise Linux 9 na neman mataki na biyu, x86-64-v2, wanda ya cire furosesar Core 2 Duo daga lissafi. Red Hat 10 ta hau v3, mai buƙatar AVX2, wasu ƙarin umarni da furosesa ke ganewa, wato daga furosesar Intel jerin Haswell na 2013 zuwa sama. Ka duba laftof ɗin tokumbo da ke hannun ɗalibanmu, irin ThinkPad T430 da aka sayo a Banex. Ka ƙara mata RAM, ka sa SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), garau take aiki, amma ba ta cika sharaɗin v3 ba. Yar da irinta ɓarna ce, shi ya sa na yaba wa AlmaLinux 10, 'yar'uwar Red Hat 10, da ta fitar da bugun v2 daban.

Kafin ka tura ko ɗaya kwandon shara, buga umarnin lscpu, mai nuna bayanan furosesa, a wurin rubuta umarni na Linux. In ka ga "32-bit, 64-bit" a layin op-mode, to na'urar 64-bit ce, tsohon tsari kawai aka ɗora mata. Sa mata Debian 13 ta amd64, wato bugun 64-bit. Wadda ta nuna 32-bit kaɗai, bar ta a kan Debian 12, yara su koyi buga rubutu da ita.