Jirgin Faiba Na Hannu Da Injin Yamaha, Bayan Damina Biyu A Sabke

Damina biyu ke nan tun da na sauke jirgin nan a madatsar ruwa ta Sabke, kuma tun daga ranar da tirela ta shigo da shi Daura ta hanyar Kazaure ba a daina tambayata a majalisa ko na ci riba ko na yi asara ba. Jirgin na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da roba, buɗaɗɗe, tsawonsa ƙafa 19, da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 a bayansa, dukansu na hannu. Na saye shi ne domin kamun kifi, tare da wani masunci da muka yi yarjejeniyar rabon abin da aka samu. Zan faɗi abin da na gani a gare shi, amma dole in fara da jirgin da ban saya ba, domin a kansa na koyi yadda ake duba na biyun.

Ɗan yayana da ke aiki a Apapa shi ya fara turo mini hotunan wani jirgin shaƙatawa irin mai tafiya da iska, mai dogon turke a tsakiya da ƙyallayen da ake bazawa. A cikinsa akwai ɗaki da gadaje, da wurin girki, har da makewayi, kuma abin mamaki kuɗin da dillali ya yanka masa bai kai na buɗaɗɗen jirgin da na saya daga baya ba. Ya ce mini, "Baffa, wannan ai ko ɗigon fetur ba ya nema." Duk wanda ya sayi mai bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023 ya san yadda wannan magana take shiga kunne, balle ga wanda ya san irin iskar da ke kaɗawa a ƙasar Daura da hunturu. Sai dai ban yarda da cinikin biri a sama ba, saboda haka na tafi Legas da kaina, na kuma biya wani dattijo da ya daɗe yana gyaran jiragen ruwa ya duba mini.

Dattijon bai ko kalli gadajen da suka burge ni ba. Ƙarƙashin dandamalin ɗakin ya fara buɗewa, inda manyan notuna suke riƙe da wani ƙarfe mai nauyi da ke rataye a cikin ruwa ƙarƙashin jirgin, wanda shi ne yake hana iska kifar da shi, sai ga tsatsa ta zubo ta gefen kowane noti. Daga nan ya koma kan wayoyin ƙarfe da suke ɗaure da turken, ya nuna mini inda suka fara tsagewa a bakin mahaɗarsu, ya ce masu irin wannan jirgi sukan sauya wayoyin gaba ɗaya bayan kamar shekara 10 ko da ido bai ga aibi ba, domin daga ciki suke cinyewa. Ƙyallen kuwa da farce kawai ya karce ɗinkin, zaren ya tsinke kamar na tsohuwar atamfa, saboda rana ta gama da shi. Da na taka rufin kusa da gindin turken sai na ji yana lotsawa. Arahar ke nan. Ko da ma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ƙarfen nan na ƙasa ya nutse fiye da mita ɗaya, alhali ruwan madatsa irin tamu yana ja da baya sosai da bazara, ga kututturan itatuwa a ƙasa. Jirgi ne na teku da lagun, wato tafkin bakin teku irin na Legas, kuma can ya dace ya zauna.

Wanda na saya an jawo shi tudu kafin mu zo, kuma an yi masa sabon fenti shuɗi, abin da ya faranta mini rai amma ya ɓata wa dattijon. Ya ɗauki wata 'yar guduma ta roba ya bi jikin jirgin taki-taki yana ƙwanƙwasawa, ya ce in saurara: inda faiba take da lafiya ƙarar takan fito ƙal-ƙal, inda ta rabu da juna ko ta sha ruwa kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi ƙwarya mai tsaga. Gefuna biyu da ƙirjin jirgin duk sun amsa da kyau. A ƙasan jirgin ya sami wasu ƙananan ƙuraje biyar ko shida ƙarƙashin fentin, ya huda ɗaya, ruwa mai tsami ya fito, ya ce wannan ruwa ne da ya ratsa fatar faiba a tsawon shekaru, kuma ƙanana irin waɗannan ana goge su a bar su su bushe a cike, ba abin fasa ciniki ba ne.

Abin fasa ciniki yana baya, a allon da ake ɗaura inji. Wannan allo daga waje faiba ne, amma a cikinsa katako ne, kuma duk ramin da aka huda aka ɗaura noti ba tare da an toshe shi da kyau ba, hanya ce ta ruwa. Dattijon ya ɗaga ƙafar injin sama, ya danna ta da nauyin jikinsa, ni kuma ya ce in zuba ido a kan allon. Na ga ya motsa, kaɗan ƙwarai, amma ya motsa. Sai ya kwance noti ɗaya na ƙasa, ruwa mai launin shayi ya fara ɗiga daga ramin, ya tsoma ƙusa ya fito da katako baƙi mai laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya ce, "Alhaji, ka ga abin da fentin yake rufewa." Mai jirgin ya rantse bai sani ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ni dai a kan wannan ramin na tsaya har aka rage mini kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, aka fafe ruɓaɓɓen katakon aka sa sabo tun a can, kafin a ɗora jirgin a mota ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Injin shi ne rabin kuɗin, kuma shi na fi yaba wa. Silinda biyu gare shi, nauyinsa bai kai kilo 40 ba, saboda haka mutum biyu suna sauke shi da yamma su kai shi ɗaki, wanda ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne ga wanda jirginsa yake kwana a bakin ruwa. Irin injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, kashi 50 da kashi 1, wato rabin lita a cikin lita 25. Kafin a tayar da shi dattijon ya ɗora tafin hannunsa a kai ya tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka ɗumama kafin mai saye ya iso yana ɓoye rauninsa. Ja biyu ya tashi. An cire fulogi an auna matsin silindojin, aka same su kusa da juna. Man giyar ƙasa ne ya fito fari-fari kamar an zuba madara, alamar ruwa yana shiga ta bayan farfela, aka sauya robobin wurin. Akwai kuma abin da ban taɓa sani ba, cewa ƙafar inji iri biyu ce, gajera ta allo mai tsayin inci 15 da doguwa ta inci 20, kuma idan ba su dace da jirgin ba farfela ko dai ta riƙa shan iska ko ta riƙa jan ƙasa. Nawa sun dace.

Kuskure ɗaya na yi, kuma nawa ne. Na ga ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta ɗan ramin baya yadda ya kamata, sai na ƙi biyan kuɗin sauya 'yar robar da ke tura ruwan, duk da dattijon ya nanata. Mako uku da fara aiki a Sabke tsartuwar ta tsaya muna tsakiyar ruwa. Allah ya sa masuncin ya lura ya kashe injin nan take, muka dawo da filafili, ana kallonmu daga gaɓa. Da aka buɗe, fukafukan robar sun karye, hanyar ruwan kuma cike take da farin gishirin da ruwan Legas ya bari. Babu kayan gyaran a Daura, sai Kano, kuma ta farko da aka aiko mini jabu ce, ba ta yi wata ɗaya ba. Yanzu ina ajiye biyu na asali a gida, da fulogi. Sauran gyare-gyare kamar wanke kafireta, bakaniken da ya saba da ƙaramin janareta mai haɗin mai yana yin su ba tare da wahala ba.

A kan ruwa jirgin ya fi kwale-kwalen katako ta fuskoki da yawa. Ba ya yoyo, ba a kwashe ruwa da gwangwani kowace safiya, yana da faɗin da mutum zai miƙe tsaye ya ja koma ba ya tangaɗi, kuma ana wanke ƙarnin tarwaɗa da karfasa daga jikinsa da bokiti biyu. Rauninsa rashin nauyi ne, domin idan babu kaya iskar hunturu tana tura shi gefe, sannan tsohon zaren koma yakan naɗe farfela, wanda idan aka bar shi yana cinye robobin da na sauya. Fetur kuwa shi ne ke cin ribar, har muka koma kashe inji da zarar mun isa wurin kamun kifi. Ba ma ɗaukar fasinja, kuma babu mai hawa sai da rigar kariya, kamar yadda hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida take nanatawa; mu da muke kusa da Mai'adua ba mu manta da yaran da suka rasu a kifewar kwale-kwale lokacin ƙaramar Sallar 2022 ba.

Ga wanda zai saya domin madatsar Sabke ko ta Daberam ko ta Zobe, na yarda da wannan haɗin, da sharaɗin ya je da mai dubawa wanda ba abokin dillali ba ne, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin injin saboda ana sayar da na sata, ya kuma ware kuɗin gyara da na mota daban da na saye. Nawa ya kusa mayar da kuɗinsa. Idan ruwa ya ja da bazarar nan za mu kifa shi a inuwa mu sake duba ƙasansa, domin na ga sababbin ƙuraje biyu kusa da inda aka cike na farko.